Badagiri: Bakin Tekun da Hanyar Sakkwato Ta Tuƙe

Bahaushen da ya sauka Legas neman halaliya yakan san Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. In harkarsa ta kai shi yamma, zai san Seme, bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, inda aka yi suna da shigo da shinkafa da gwanjo. Amma saura kamar kilomita 20 a kai Seme, akwai wani tsohon gari da motoci kan wuce ta gefensa a guje, fasinja na gyangyaɗi. Sunansa Badagiri. Daga tsakiyar Legas zuwa can kimanin kilomita 70 ne.

Da yawa daga cikinmu, in an ambaci garin, sai mu ɗauka labarin wasu ne: Yarabawa da Turawa da bayin da aka kai Amurka. Alhali yashin bakin tekun nan shi ne ƙarshen wata tsohuwar hanya da ta taso tun daga Kano da Katsina da Gobir, ta haye kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Oyo. Ta wannan hanya wuri ya hau zuwa kasuwanninmu, ta ita kuma 'ya'yan ƙasar Hausa suka gangara, wasu da ƙafarsu, wasu a ɗaure.

Gulbi a gaba, teku a baya

Badagiri ba a kan teku take kai tsaye ba. Tsakaninta da Tekun Atlantika akwai wani kwantaccen ruwa mai kama da gulbi, wanda ya miƙe tun daga Legas har Porto-Novo ta ƙasar Benin, kuma kogin Yewa yana zuba a cikinsa kusa da garin. A hayin gulbin akwai siririn tudun yashi cike da itatuwan kwakwa, shi ne ya tokare teku. Ɓangaren tudun da ke daura da gari shi ake kira Gberefu. Kwalekwale mai inji yakan haye da mutum cikin 'yan mintoci. Daga nan sai tafiyar ƙasa ta kamar rabin awa a kan yashi mai nutsar da ƙafa, kuma tun kafin ido ya ga teku kunne ya riga ya ji ruguginsa.

Tekun wannan yanki ba abin wasa ba ne. Igiyarsa doguwa ce mai dukan gaɓa dare da rana, kuma babu wani lungu da babban jirgi zai fake. Shi ya sa jiragen Turawa kan tsaya can nesa inda ruwa ke da zurfi, sai a yi ta jigila da manyan kwalekwale. Matuƙan da suka iya keta igiyar galibi ɗauko su ake yi daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau. In kwalekwale ya kife, mai sarƙa a wuya ba shi da ta yi.

Gulbin kuwa shi ne arzikin garin, shi ne kuma garunsa. Ta cikinsa ake kai kaya da mutane daga wannan tasha zuwa waccan ba tare da an taɓa teku ba. Rundunar da ba ta da jiragen ruwa kuma, komai yawanta, sai dai ta tsaya a gaɓa tana kallo.

Garin 'yan gudun hijira

Mutanen da suka fi yawa a Badagiri su ne Ogu, waɗanda Yarabawa ke ce wa Egun. Harshensu ɗan'uwan harshen Fon na Dahome ne, ba Yarabanci ba, ko da yake akwai Yarabawan Awori a garuruwan da ke kewaye, musamman tsohuwar masarautar Apa da ke yamma. Labarin da ake bayarwa a gari shi ne wani manomi mai suna Agbede ya fara yin gona a wurin, daga sunan gonarsa aka sami sunan gari, Yarabawa suka ce Agbadarigi, Turawa suka lanƙwasa shi yadda harshensu ya iya. Masu wannan labari suna kai kafuwar garin 1425. Masana tarihi da suka bi takardun 'yan kasuwar Turawa, irin su Robin Law, sun nuna cewa garin a matsayin tashar ciniki ya taso ne a shekarun 1730. Maganganun biyu ba lallai su yi karo ba: masunta da masu dafa gishiri sun daɗe a bakin gulbin kafin fatake su mai da shi kasuwa.

Yaƙi ne ya tara jama'ar. Sarki Agaja na Dahome ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, ya rushe tashar Jakin a 1732. Waɗanda suka tsira suka bi gulbi suka yi gabas. A cikinsu har da wani Baturen kamfanin Holan mai suna Hendrik Hertogh, wanda ya ɓata da Agaja. Ya fara sauka a Apa, sannan a 1736 ya kafa gidan cinikinsa a inda Badagiri take. Mutanen gari suka sa masa suna Huntokonu. Bai daɗe ba, an kashe shi a 1738, amma har yau ana nuna kabarinsa a cikin gari, ana kuma lissafa shi cikin waɗanda suka kafa shi.

Da yake kowace ƙungiya daga garinta ta taso da shugabanta, sai Badagiri ta zama unguwanni takwas, kowacce da mai sarautarta. Akwai Akran na unguwar Jegba, wanda a yau shi ne sarkin gari, akwai Wawu, da Posu, da Jengen, da Mobee, da sauransu. Kowannensu yana da Turawan da ke sauka a hannunsa, kamar yadda fatake ke da fatoma a zango: Wawu ya yi suna da Ingilishi, Akran da 'yan Fotugal. Wannan tsari ya kawo dukiya, amma ya hana garin samun murya ɗaya, kuma ya daɗe yana biyan bashin haka.

Dahome ba ta taɓa yafe wa Badagiri ba, domin duk jirgin da ya tsaya a nan ciniki ne Wida ta rasa. A 1784, zamanin Sarki Kpengla, rundunar Dahome ta zo da yardar Alafin Abiodun na Oyo, mutanen Legas kuma suka ba da jiragen yaƙi ta gulbi. Garun ruwan bai yi amfani ba a wannan karo. Aka ƙone garin, aka kashe na kashewa, aka kwashi na kwasa. Waɗanda jiya suke sayarwa, yau su aka sa a kasuwa. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Hanyar da ta taso daga Arewa

Bayin da ake lodawa a Badagiri yawancinsu ba 'yan bakin teku ba ne. Daular Oyo ce ke turo su ta ƙasar Egbado, Oyo kuwa tana sayo da yawa daga arewacinta: Nufawa, Bargawa, Barebari da Hausawa. A madadinsu ana karɓar tabar Barazil da barasa da yadi da bindiga da albarushi, sai kuma wuri, wanda jiragen Turawa ke kwasowa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kuɗin da kakanninmu suka yi sadaki da shi, suka biya kuɗin ƙasa, kaso mai yawa nasa ta irin waɗannan tashoshi ya shigo, kuma da mutane aka saye shi.

Bayan da jihadi ya ɓarke a 1804, yaƙe-yaƙe suka ƙara yawan waɗanda ake kamawa daga kowane ɓangare. A 1817 Afonja na Ilorin ya yi wa Alafin tawaye, bayi Musulmi da ke Oyo, waɗanda Hausawa suka yi yawa a cikinsu, suka gudu suka bi shi. Daular Oyo ta fara tsagewa, ƙasar Yarabawa ta kama da wuta, tashoshin bakin teku suka cika da kamammu.

Masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka zuwa hayin Atlantika a tsawon wannan ciniki, kimanin miliyan 2 daga wannan gaɓa da Badagiri take. Wida ita kaɗai ta fitar da wajen miliyan ɗaya, Legas ta biyo baya a ƙarni na 19. Rabon Badagiri bai kai nasu ba ko kusa, amma kowane ɗaya daga cikin dubban da suka taka yashin Gberefu ɗan wani ne.

Sawun Hausawan da suka bi ta waɗannan tashoshi bai ɓace ba. A Bahiya ta ƙasar Barazil, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, sun kuma tashi a 1809 da 1814. A takardun shari'ar 1814 an rubuta laƙabin jagoransu da kalmar da ba ta da wani asali sai malam. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin Salbado, Yarabawa da Hausawa, suka yi babban tawayen da ya girgiza Barazil, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Har gobe a Bahiya akwai wani girkin shinkafa da nama da ake kira shinkafar Hausa.

Baƙin Sarkin Musulmi

A 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hamada, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello, wanda ba ya yarda a sayar da Musulmi ga Nasara, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila cewa zai hana fatakensa kai bayi bakin teku, in za a aiko masa da jakada da likita da makamai. Da amsar wannan wasiƙa Clapperton ya dawo, amma a karo na biyu ta teku ya biyo. Ya sauka a Badagiri a ƙarshen Nuwamba 1825, ya kama hanya ranar 7 ga Disamba.

Cikin tawagarsa akwai baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 21, da wani tafinta da Turawa ke kira Pasko. Sunansa na yanka Abubakar, Bagobiri ne. An kama shi a Arewa, an yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, an sa shi a jirgin bayi, sai sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirginsu. Ga shi yanzu ya tsaya a yashin Badagiri, fuskarsa na duban gida. Cikin dubban Hausawan da teku ya karɓa, yana cikin ƙalilan da aka rubuta labarin komawarsu.

Ba su yi wata guda a hanya ba zazzaɓi ya kashe biyu daga cikin Turawan, Pearce da Morrison. Sauran suka isa babban birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, a Janairu 1826, suka bi ta Kayama da Wawa da Busa, suka haye Kwara, suka ratsa Nufe da Zazzau, suka shiga Kano a watan Yuli. Sai Oktoba Clapperton ya kai Sakkwato, kuma bai sami fuskar da ya bari ba. Sakkwato na yaƙi da Barno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyautar makamai zuwa ga Shehu Laminu na Barno. Bello ya karɓe su. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827, aka binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato.

Lander da Abubakar suka juyo, suka iso Badagiri a Nuwamba 1827. 'Yan Fotugal masu cinikin bayi suka raɗa wa masu gari cewa yaron nan ɗan leƙen asiri ne. Aka tara jama'a, aka miƙa masa ƙwaryar ruwan guba, irin abin da Hausawa ke kira shan gwaska: in ya mutu ya tabbata mai laifi, in ya rayu an wanke shi. Ya shanye, ya yi sauri ya koma masauki ya sha maganin amai, ya tsira. A watan Maris 1830 ya sake sauka a Badagiri tare da ƙanensa John, da Abubakar kuma. Zuwansu ya dace da ƙarshen azumi, sun kuma rubuta yadda suka ga Musulmin garin sun fita Idi cikin ado, da yadda malamai Hausawa suka zo gaishe su. Daga nan suka tafi Busa da Yawuri, suka gangara Kwara a kwalekwale har suka fita teku a Nuwamba. Tambayar da ta daɗe tana damun Turai, ina Kwara ke zuba, daga Badagiri aka tashi aka amsa ta, kuma da bakin Bagobiri aka yi tambayar hanya.

Itacen agiya da benen 'yan mishan

Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi a 1807, jiragenta kuma suka riƙa tare na wasu suna sauke bayin a Saliyo. Wajen 1839 wasu daga cikin waɗannan 'yantattu, Yarabawa, suka fara haɗa kuɗi suna dawowa gida, Badagiri ce mashigarsu zuwa Abeokuta. Su ne suka aika a turo musu malaman coci. Ranar 24 ga Satumba 1842 Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya sauka, ya yi wa'azi a ƙarƙashin wani babban itace da ake kira agiya. A watan Disamba Henry Townsend na cocin Angilika ya iso, suka yi bikin Kirsimeti tare a gindin itacen. Guguwa ta kayar da shi a 1959, aka gina hasumiyar tunawa a gurbinsa. Makarantar da 'yan mishan suka buɗe a 1843 ita ake lissafawa a matsayin firamaren boko ta farko a Najeriya.

A Janairu 1845 wata tawagar 'yan mishan ta zo da nufin wucewa Abeokuta: Townsend da Gollmer da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa an kama shi yana yaro a Osogun a 1821, aka loda shi a Legas, aka 'yanta shi a teku. Rasuwar Sodeke, jagoran Egba na Abeokuta, ta tsare su a Badagiri fiye da shekara. Matar Gollmer ta rasu cikin watannin farko, kabarinta na maƙabartar 'yan mishan. A wannan zama aka kammala benen da ke kallon gulbi, wanda yake tsaye har yau, inda ake nuna ɗakin Crowther da tsohon Baibul na Yarabanci.

An rubuta a jikin ginin cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Mutumin Katsina da ya girma yana kallon hasumiyar Gobarau sai ya yi murmushi. Clapperton da kansa, shekara 21 kafin a gama wannan gini, ya bayyana gidajen Kano masu matakala da ɗakuna a sama. In an ce benen farko na ginin Turawa, babu mai musu, kuma wannan ma ya ishe shi daraja.

Wa'azin bai kama mutanen Ogu yadda 'yan mishan suka so ba. Sun riƙe abin bautarsu, sarakunan unguwanni kuma ba su ga ribar barin cinikin da suka gada ba. Da hanya ta buɗe a 1846, sai manyan tawagar suka wuce Abeokuta.

Rikicin Legas ya ci garin

Badagiri ta zama mafakar sarakunan Legas da aka tuɓe. Adele ya zauna a nan tun wajen 1821 har ya koma gadonsa a 1835. Akitoye, wanda abokin hamayyarsa Kosoko ya kora a 1845, shi ma nan ya ƙare, yana neman Ingila ta mai da shi da alƙawarin zai hana cinikin bayi. Gari ya rabu biyu. A watan Yuni 1851 faɗa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Akitoye, ƙarƙashin wani basarake mai suna Mewu, da sarakunan unguwanni masu ra'ayin Kosoko. Aka ƙone yawancin gari, aka kori sarakunan. A Disamba jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka ɗora Akitoye. A watan Maris 1852 masu riƙe da Badagiri suka sa hannu a yarjejeniyar daina sayar da bayi, a Yuli 1863 kuma aka miƙa garin ga Ingila, shekara biyu bayan ta haɗiye Legas.

A shekarar 1863 ɗin nan ne John Glover ya ɗebi Hausawa a Legas, galibi bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya kafa 'yar rundunar da aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya daga nan take ƙirga asalinta. Ofishin Di'o da aka gina a Badagiri a wannan shekara shi ne gidan tarihin garin a yau. Ciniki kuwa, da ya koma na manja, sai ya bi Legas, inda jirgi ke iya shiga. Badagiri ta koma gefe, ta yi shiru.

Abin da baƙo zai gani

A bakin gulbi akwai gidan Seriki Williams Abass. Iyalansa na cewa ɗan Joga-Orile ne a ƙasar Yewa, an kama shi yana yaro, ya bauta wa wani Musulmi a Dahome mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani Williams ya kai shi Barazil, ya koyi karatu da harsuna, ya dawo ya zama dillalin ubangidansa. Sunayen iyayengijin biyu ya riƙe. Seriki kuwa kalmarmu ce, sarki, domin shi ne shugaban Musulmin garin. Turawan mulki sun ɗaukaka shi a kan yankin, ya kafa garin Aiyetoro a 1902, ya rasu a 1919. A cikin gidan akwai ɗakunan tsare bayi, waɗanda aka ce 40 ne a da, ƙanana, masu 'yar taga ɗaya can sama. Yawancinsu jikoki sun mai da su wurin kwana, an bar kaɗan don masu ziyara. Bawan da ya zama mai bayi, ya zama jagoran masallaci, ya zama hakimin Turawa: tarihin wannan gaɓa kenan a jikin mutum ɗaya.

Kusa da nan akwai ɗan gidan tarihin zuriyar Mobee, inda za a ɗora maka sarƙar wuya ka ji nauyinta, a nuna maka mari da ƙarfen da ake datse leɓe da shi. Akwai filin kasuwar Vlekete, mai sunan wani abin bautar teku, inda ake cinikin bayi. In an haye Gberefu, a tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu yi wa baƙi jagora ke cewa an yi mata asiri, duk bawan da ya sha sai ya manta gida. Labarin baka ne. 'Yan tawayen Bahiya, da layunsu da Larabcinsu, shaida ne cewa ba a manta ba. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da aka sa wa suna Tafiya Ba Dawowa, inda aka gina ƙofar tunawa tana fuskantar teku.

Garuruwan kewaye kowanne da abin da ya riƙe. A Topo limaman Katolika suka kafa babbar gonar kwakwa a 1876, kwakwa kuwa ita ce tambarin yankin har yau. A Topo ɗin ne kuma kwalejin horar da manyan ma'aikatan gwamnati ta ASCON take, wadda aka kafa a 1973, kuma ma'aikatan Arewa da dama sun yi kwas a can ba tare da sun haye gulbin ba. A Ajara akwai ƙauyen koyon Faransanci da aka buɗe a 1991, inda ɗaliban jami'o'inmu ke zuwa goge harshe. Ajido da Iworo suna gabas a bakin ruwa, da masuntansu da masu saƙar tabarma. Apa tana yamma da tsohuwar sarautarta, wadda ta girmi ta Badagiri. A hanyar Seme, bayan gadar gulbi da shingayen Gbaji, akwai bakin tekun Suntan, inda mutanen Legas ke cika ranar salla da Kirsimeti, suna hawan doki a ƙarƙashin kwakwa. Da dare a unguwannin Ogu har yanzu dodon Zangbeto, mai lulluɓe da zaren tukurwa, yana fita gadin gari, a manyan bukukuwa kuma akan fito da gangar Sato, wadda tsawonta ya sa sai makaɗa sun yi tsalle suke dukanta. A kasuwar Agbalata za ka ji Ogu da Yarabanci da Faransanci, za ka kuma ji Hausa wajen masu albasa da 'yan canji.

Waiwaye

Mai ziyara yakan fito daga ɗakunan Seriki yana tsine wa Turawa, kuma sun cancanta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bature bai shiga Gobir ko Nufe ya kamo kowa ba a wancan zamani. A bakin ruwa ya tsaya, aka kawo masa. Ƙasarmu ta yi asarar 'ya'yanta ta wannan hanya, kasuwanninmu kuma sun sayar. Bauta a Arewacin Najeriya ba a soke ta gaba ɗaya a doka ba sai 1936, shekara 84 bayan yarjejeniyar Badagiri.

Igiyar da ta ɗaure Arewa da wannan gaɓa ba ta tsinke ba. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ta sake buɗewa a Disamba 2020, Seme da Illela suna cikin huɗun farko da aka buɗe rana ɗaya. A Oktoba 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babban titi mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Badagiri, ta Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, kusan sawun da Abubakar Bagobiri ya bi da ƙafa, tafiyar da ta ci wa tawagarsu wata goma. In Allah ya nufa an gama shi, direba zai yi ta a yini guda.

Saboda haka, ɗan'uwa, in hanya ta kai ka Badagiri, ko da lodin albasa ko da takardar kwas, kada ka tsaya a tasha. Ka biya kuɗin kwalekwale ka haye Gberefu, ka taka yashin nan har bakin ruwa, ka yi wa waɗanda suka wuce ta nan addu'a. A cikinsu akwai masu sunanka.